Yadda Za Ka Fitar da Wutar Lantarki Daga Sandar Maganadisu da Naɗin Waya

In ka cire sola da batir, duk wutar da muke amfani da ita a Zariya hanya ɗaya aka bi aka same ta. Wadda ke zuwa ta layin NEPA daga Shiroro ko Kainji, da wadda janareton mai cajin waya ke bayarwa a Tudun Wada, da wadda ke kunna fitilar babur ɗin ɗan acaɓa, duk maganadisu ne ke gilmawa ta gaban naɗaɗɗiyar waya. Ɗalibanmu na manyan azuzuwan sakandare sun san haka a takarda. Sun haddace dokar Faraday, suna zuba ta a WAEC da NECO, amma da yawansu za su bar makaranta ba su taɓa tura maganadisu da hannunsu sun ga allura ta zabura ba. Abin yana damuna ƙwarai, don gwajin ba ya cin kuɗi mai yawa, kuma kusan duk kayansa suna nan a Sabon Gari. Na rubuta wannan jagora ne domin malamin fiziks da ke son nuna wa ajinsa, da ɗalibin da ke son gwadawa a gida.

A 1820 Hans Christian Oersted na Denmak ya lura cewa waya mai ɗauke da wuta tana karkatar da allurar kamfas. Sai masana suka shiga tambaya: tunda wuta tana haifar da maganadisu, shin maganadisu zai haifar da wuta? Shekara 11 aka yi kafin a samu amsa, kuma abin da ya ɓata wa masu nema lokaci shi ne suna ajiye maganadisu kusa da waya suna jiran wuta ta fito. Michael Faraday ne ya gano bakin zaren a Landan cikin 1831. Ranar 17 ga Oktoba na shekarar ya cusa sandar maganadisu cikin naɗin waya, allurar ma'auninsa ta motsa, ya zare ta, allurar ta koma ɗaya ɓangaren. Joseph Henry ma ya gano abin a Amurka shi kaɗai, sai dai Faraday ya riga shi wallafawa. Gwajin 17 ga Oktoba shi za mu maimaita.

Kayan da za ka tara

Waya ce ta farko, kuma ba wayar wayarin ɗin gida mai rigar roba ba. Siririyar wayar jan ƙarfe mai shafen fenti ake so, irin wadda masu ɗaurin koyil ɗin fanka da injin jan ruwa ke aiki da ita. Ka je wajen ɗayansu ka ce, "Sannu da aiki, Malam. Wayar koyil nake so, geji 30, ta jan ƙarfe zalla." Geji lambar kaurin waya ce. Ka jaddada zallar nan. Akwai wayar alminiyam da aka lulluɓe da launin jan ƙarfe. In ka kankare ta da reza ka ga fari a ciki, ita ce. Za ta yi aiki, amma tana saurin karyewa kuma wuta ba ta bin ta da sauƙi kamar ta gaske. Mita 80 zuwa 100 za ta ishe ka koyil uku. In kuɗi sun yi wuya, matacciyar fanka ko tsohuwar taransifomar rediyo tana da wayar a ciki, sai dai ka yi haƙurin warwarewa.

Sai maganadisu. Sandar da ke ɗakin gwaji na makaranta, mai N (arewa) a kai ɗaya da S (kudu) a ɗaya kan, ita ce ta fi dacewa da koyarwa, domin ɗalibi yana ganin kan da ya shiga. Matsalarta rauni, musamman wadda ta daɗe a zube cikin durowa. Ka gwada ta da ƙusoshi: in da ƙyar take ɗaga ƙaramar ƙusa, ka nemi wata. Maganadisun neodimiyam, mai sheƙin azurfa, ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. In ka sami ƙananan masu siffar kwabo, ka jera biyar ko shida su manne da juna, sun zama sanda ke nan. Zoben maganadisun bayan sifika yana da ƙarfi, amma faɗinsa ba ya barin ya shiga koyil, sai dai a kusanto da shi bakin koyil ɗin a janye.

Ragowar ƙananan kaya ne: guntun fayif ɗin roba mai faɗin santimita 2.5, kwali, salatif, samfefa ko reza, da jan ƙwan LED guda biyu. Maganar ma'auni tana da tsawo, zan zo kanta.

Gargaɗi tun yanzu. Kada wannan koyil ya kusanci soket ko da wasa. Neodimiyam yana matse yatsa har ya fasa fata, kuma haɗiye shi haɗari ne babba ga ƙananan yara, don haka ka ƙirga su kafin aji da bayan aji. Ka nisanta shi da katin ATM, da agogo mai allura, da duk mai na'urar daidaita bugun zuciya.

Mataki na farko: naɗa koyil

Yanko fayif mai tsawon santimita 15. Yanko faifan kwali biyu, ka huda tsakiyarsu daidai kaurin fayif ɗin, ka zura su ka manne da salatif, tsakaninsu santimita 3. A cikin wannan ɗan sarari za ka tara naɗin gaba ɗaya. Kada ka baza shi a tsawon fayif, domin in koyil ya yi tsawo, zagayen da ke can nesa da maganadisu ba sa ba da komai a lokacin da na kusa ke aiki.

Bar jelar waya mai tsawon santimita 30, ka ɗaure ta a jikin kwali, sannan ka fara naɗi. Ka riƙe fayif da hagu, ka ja waya da dama tana bi ta tsakanin babban yatsa da manuniya don ta ɗan yi tauri, kowane zagaye ya kwanta kusa da ɗan'uwansa. In ka kai bangon kwali ka dawo ta kan na ƙasa, amma juyin hannunka kada ya sauya. Nan ne yara ke yawan kuskure: waya ta tsinke ko an kira su, sun dawo sun ci gaba da naɗi ta ɗaya hannun. Zagaye 100 na dama da 100 na hagu suna kashe juna, ka sha wahala ka tashi da sifili. Duk zagaye 50 ka ja layi a takarda, don ƙirga tana ɓacewa.

Ka yi koyil uku: mai zagaye 100, mai 250, mai 500. Mai 500 ɗin zai ci waya sama da mita 40. In ka gama ka lulluɓe da salatif, ka rubuta adadin a jikin kwalin.

Mataki na biyu: kankare bakin waya

Fentin da ke jikin wayar ba ya barin wuta ta wuce, shi ya sa zagayen ke goga juna ba sa haɗewa. Ka goge santimita 2 na kowace jela da samfefa, ta ko'ina, sai ta yi ja tana ƙyalli. In kana da multimita, wato mitar auna wuta, ka auna yadda wayar ke tare wuta: koyil mai zagaye 500 na geji 30 zai nuna tsakanin om 9 zuwa 15. In mita ba ta nuna komai ba, ko dai fenti bai fita ba ko waya ta tsinke a ciki.

Mataki na uku: abin da zai nuna maka wutar

Wutar da za ta fito ƙarama ce kuma ba ta daɗewa, don haka zaɓen ma'auni shi ne rabin aikin. Wanda ya fi shi ne galbanomita mai sifili a tsakiya, saboda allurarta tana iya zuwa dama tana iya zuwa hagu. In makarantarku tana da ita, ka share mata ƙurar hunturu ka tabbata allurar ba ta maƙale ba. Na biyu shi ne multimita mai allura irin ta masu gyaran rediyo, a sa ta a mafi ƙanƙantar ma'aunin DC, wato wuta mai bin hanya ɗaya. Ita sifilinta a gefen hagu yake, in wuta ta juya sai allurar ta daki bango. Multimita mai lambobi, wadda ta fi yawa a kasuwa, tana karantawa ne sau biyu ko uku a daƙiƙa, wutar kuwa kan zo ta wuce tsakanin karatu biyu. Ka sa ta a milibolt 200, ka kula da alamar ragi da ke fitowa tana ɓacewa, kada ka dogara da lambobin.

In duk babu, kamfas ɗin neman alƙibla ya isa. Ka naɗa masa waya zagaye 50 ta sama da ƙasa, ka ajiye shi a kwance, ka juya shi har naɗin ya yi layi ɗaya da allurar, wato kudu da arewa. Ka haɗa shi da babban koyil da doguwar waya, tsakaninsu ya kai mita 2. Nisan nan wajibi ne, in ba haka ba maganadisun ne da kansa zai riƙa jan allurar, ka ɗauka wuta ce. Ga yadda za ka tabbatar: cire waya ɗaya ka motsa maganadisun. In allura ta motsa, ka ƙara nisa. Motsin zai zama kaɗan, amma in kana turawa kana zarewa daidai da kaɗawar allurar, kamar yadda ake tura yaro a lilo, za ka ga tana ƙara buɗewa.

Mataki na huɗu: gwajin kansa

Haɗa koyil mai zagaye 500 da ma'auni. Tura kan N cikin fayif da sauri. Allura za ta zabura gefe ɗaya. Yanzu ka tsayar da hannunka cak, maganadisu na tsakiyar koyil. Allura za ta dawo sifili ta zauna.

Malam, kada ka yi gaggawar wuce nan. Ka bar shi a ciki, ka yi shiru, ka bar yara su kalla. Za ka ji wani daga baya ya ce, "Malam, mitar ta lalace ne?" Ba ta lalace ba. Maganadisun yana inda ya fi kusa da waya, ƙarfinsa bai ragu ba, amma babu wuta ko ɗigo. Kasancewarsa a wurin ba ta haifar da komai. Abin da koyil ke amsawa shi ne canji, wato ƙaruwa ko raguwar layukan ƙarfin maganadisu da ke ratsa cikinsa. Yaron da ya ga wannan da idonsa ba zai sake rubuta cewa maganadisu yana ɗauke da wuta a cikinsa ba.

Sai ka zare shi. Allura za ta tafi ɗaya gefen, domin ɗazu layukan ƙaruwa suke yi, yanzu raguwa suke yi. Juya sandar ka tura kan S: komai ya koma akasin na farko. Tura a hankali, allura ta ɗan gusa. Tura da zafin nama, ta yi tsalle. Riƙe maganadisu wuri ɗaya ka tura koyil ɗin kansa, sakamako ɗaya ne. Daga nan ka riƙe su biyun tare, maganadisu a ciki, ka yi tafiya da su daga wannan bango zuwa wancan. Dukansu suna motsi, amma allura ba za ta ce komai ba, don a tsakaninsu babu abin da ya canza.

Yanzu sauya koyil. Da gudu iri ɗaya, mai 100 zai ba da kaɗan, mai 250 ya fi shi, mai 500 ya fi duka. Hannu ba ya maimaita gudu daidai, saboda haka ka tsayar da fayif a tsaye, ka riƙa sakin maganadisun daga tsayi ɗaya, ka sa tsumma a ƙasa ya tare shi. Wani abu da ya kamata malami ya sani: ninka zagaye yana ninka bolt, wato ƙarfin da ke tura wuta, amma yana kuma ƙara tsawon wayar da wuta za ta bi. Da kamfas, wanda kwararar wuta yake amsawa, bambancin ba zai fito sosai ba. Ma'aunin bolt ne ke nuna shi a fili.

A wannan sakin daga sama akwai abin lura. Maganadisu yana ratsa koyil, allura tana kaɗawa sau biyu, gefe ɗaya lokacin shiga, ɗaya gefen lokacin fita. Bugun fita ya fi na shiga ƙarfi amma ya fi shi gajarta, domin maganadisun ya ƙara gudu a faɗuwarsa. Da ido abin yana da wuyar rabewa. Wanda ya samu shiga ɗakin gwaji mai osiloskop, na'urar da ke zana hoton wuta a fuskarta, irin na jami'a ko kwalejin kimiyya, zai ga tudu biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kuma filin da kowannensu ya rufe daidai yake da na ɗayan.

Gwaji na ƙarshe a nan: haɗa sanda biyu gefe da gefe, N da N waje ɗaya, ka ɗaure da kyauro. Wuta ta ƙaru. Juya ɗaya, N ta kwanta kusa da S, ka tura. Kusan babu komai.

Mataki na biyar: lissafi

Dokar Faraday ita ce E = −N × ΔΦ ÷ Δt. E shi ne ƙarfin da ke tura wuta, ana auna shi da bolt. N yawan zagaye ne. Φ shi ne jimillar layukan da ke ratsa zagaye ɗaya, wato ƙarfin filin maganadisu sau faɗin bakin koyil, ana auna shi da weba. ΔΦ shi ne canjin da Φ ya yi, Δt kuma lokacin da canjin ya ɗauka.

Mu ɗauka, a matsayin misali, filin da ke cikin koyil ya tashi daga sifili zuwa tesla 0.05 (da tesla ake auna ƙarfin filin maganadisu), faɗin bakin kuma murabba'in santimita 4 ne, wato murabba'in mita 0.0004. ΔΦ ya zama weba 0.00002. Zagaye 500 ne, turawar ta ɗauki daƙiƙa 0.1. E = 500 × 0.00002 ÷ 0.1, wato bolt 0.1. Ka sa yara su sauya lokacin zuwa daƙiƙa 1, su ga ya faɗo bolt 0.01. Abin da hannunsu ya nuna musu ke nan da suka tura a hankali.

Wannan lissafi ne ke gaya maka dalilin da ya sa sandar makaranta ba za ta kunna ƙwai ba. Jan LED yana buƙatar kusan bolt 1.8. In kana son haske, ka naɗa zagaye 1000 ko fiye da sirirriyar waya, ka sa jeren neodimiyam a fayif, ka toshe bakunan biyu da soso, ka girgiza da ƙarfi a ɗaki mai duhu. Ka haɗa LED biyu kafaɗa da kafaɗa, doguwar ƙafar wannan a haɗe da gajeriyar ƙafar wancan. Za su riƙa ƙyaftawa bi da bi, tunda kowanne hanya ɗaya yake barin wuta ta bi. Wutar AC, wato mai kai-komo, ke nan a tafin hannunka. Ta layin gida ma haka take kai-komo, sau 50 a daƙiƙa, shi ya sa ƙaramin janareto ke juyawa sau 3000 a minti.

Mataki na shida: alamar ragin nan

Ɗalibai suna rubuta ragin da ke gaban N ba su san aikinsa ba. Heinrich Lenz ne ya bayyana shi a 1834 a Rasha: wutar da aka haifar tana bin hanyar da za ta yi adawa da canjin da ya haife ta. In kan N na kusantowa, bakin koyil da ke fuskantarsa ya zama N ya ture shi. In yana janyewa, bakin ya zama S ya riƙe shi.

Ana iya ganin wannan. Yanko zobe daga gwangwanin lemo na alminiyam, ka rataye shi da zare biyu don kada ya riƙa juyawa. Fara da manna masa maganadisu a tsaye, yara su ga alminiyam ba ya kamawa. Sannan ka tura neodimiyam cikin zoben da sauri ba tare da ka taɓa shi ba: zai ja da baya. Zare da sauri, ya biyo ka. Yanzu ka datse zoben da almakashi ya zama a buɗe, ka maimaita. Ba zai kula ka ba, domin wuta ba ta da hanyar zagayawa. Ka kashe fanka ka rufe taga kafin ka fara, iska tana ɓata wannan gwaji.

Wanda ya fi burge aji shi ne na bututun jan ƙarfe, irin na masu gyaran AC da firij. Ka samu miƙaƙƙe mai kauri, wanda maganadisun zai shiga ba tare da ya maƙale ba. Saki tsakuwa a ciki, ta faɗo nan take. Saki neodimiyam, ka leƙa ta sama, za ka gan shi yana sauka a hankali bai taɓa bango ba. Jikin bututun ya zama zobba marasa adadi, kowanne yana riƙe shi.

Wannan adawa ita ce kuɗin wutar. Duk wutar da ta fito daga koyil, hannunka ne ya biya da ƙarfinsa. Don yara su ji a jikinsu, ka ciro ƙaramar mota, wato 'yar na'urar lantarki mai juyawa, daga motar wasan yara ko tsohuwar DVD, ka murza sandarta da yatsa biyu, wayoyinta a rabe. Tana juyawa sakayau. Haɗa wayoyin biyu da juna ka sake murzawa, za ka ji ta yi nauyi. Dalilin da ya sa janareto ke canza murya yana nishi in an jona dutsen guga ke nan, kuma ya ƙara shan mai. A Shiroro, wadda ta fara aiki a 1990 a kan Kogin Kaduna, da Kainji ta 1968, nauyin ruwan da ke gangarowa ne ke biya.

Ina so malamai su kai darasin har nan, saboda bidiyon janareto mara mai da ke yawo a Facebook da TikTok, inda ake jera maganadisu a jikin fanka a ce wuta ta samu har abada. Akwai matasanmu masu basira da ke zuba kuɗinsu da lokacinsu a kai, akwai kuma magidanta da ake sayar wa akwatin. Maganadisu ba ya ba da wuta sai an motsa shi, kuma da zarar wuta ta fara fita, koyil zai riƙa ture abin da ke motsa shi, dole wani abu daga waje ya ci gaba da turawa: fetur, ruwa, iska ko hannu. In an kawo maka irin akwatin nan, ka ce a buɗe shi a gabanka, ka nemi batir da inbata ko wayar da aka ɓoye. In an ƙi buɗewa, ka jona masa dutsen guga ka zauna ka jira awa biyu.